Baba yana tashi da kansa a wurin kine, a gida kuwa sai an ɗaga shi

Ɗiyar Baduku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Mahaifina baduku ne a unguwar Birni, nan Damagaram, ya fi shekara 40 yana ɗinkin alabe da kube da layu. Wata uku ke nan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye. Alhamdu lillahi baki ya buɗe, ƙafa tana ɗan ja, hannun ne dai da saura. Sau biyu a sati muke kai shi wurin kine, wato ma'aikacin lafiya mai koya wa marasa lafiya motsa jiki. A can sai ka ga ya tashi daga kan gado shi kaɗai, ya ɗauki kofi ya ajiye. Da mun dawo gida kuwa sai kwanciya a tabarma, sai mutum biyu sun ɗaga shi. Yayana cewa yake Baba ya saki jiki ne kawai. Ni ban yarda ba. Jiya na leƙa na tarar ya jawo basillarsa da hannun hagu yana jujjuya ta, yana ganina ya tura ta ƙarƙashin matashi. Wanda ya fid da rai ba ya haka. Ina muke kuskure?

Ma'aikacin lafiya, Zango:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Amsar tana cikin maganarki: a can gado, a gida tabarma. Tashi daga ƙasa shi ne mafi wuya ga mai shanyewar ɓarin jiki, don yana bukatar hannu biyu da gwiwa biyu. Ku samo mashi kujera mai ƙarfi mai wurin dafa hannu, tsayinta wajen santimita 45, yadda ƙugunsa ba zai yi ƙasa da gwiwa ba, tafin ƙafa kuma ya zauna daram a ƙasa. In zai tashi, ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafu baya ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo gaba, sannan ya miƙe. Kuma don Allah kar wanda ya ƙara jan sa ta hannun da ya shanye. Naman da ke riƙe kafaɗar ya yi sanyi, jan hannun yana iya zamar da ƙashin daga gurbinsa, ciwon da ke biyo baya kuma shi ke sa da yawa su daina motsa hannun gaba ɗaya. A kama shi ta ƙugu, mai ɗagawa ya lanƙwasa gwiwa, kar shi ma ya ja wa bayansa. Watannin farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, kar su wuce yana kwance.

Inna ta Karkada:
Ɗiyata, shekara biyu na yi ina jinyar maigidana, Allah ya jiƙan sa. Abin da ya fi ba mu wuya ba ɗaki ba ne, tsakar gida ne da bayan gida. Yashi yana haɗiye sanda, ƙafar da ake ja kuma ta tuntuɓe. Muka share hanya daga ƙofar ɗaki zuwa bayi, muka daɓe ta, muka rage dokin ƙofa. Bayin tsugunno kuwa, kafinta ya huda mana kujerar katako muka ɗora kan ramin, mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango ta ɓangaren hannunsa mai lafiya. Ashe da can rage shan ruwa yake don kunyar a riƙa kai shi bayi, a zafin Damagaram na watan Afrilu! Ki lura ko Baba ma haka yake. Ki bar motsa jikin sai da safe bayan asuba kafin rana ta buɗe, da azahar ko mai lafiya ya yi laushi. Alwala ma ki ajiye mashi buta kan benci gefen kujera, ya yi da kansa ko da zai daɗe. Ki daure ki riƙe hannunki.

Wani baduku:
Maganar basillar nan ta taɓa ni. Ku naɗe mata ƙota da robar tayar keke har ta yi kauri, hannu mai rauni ya fi iya damƙe abu mai kauri. Tebur a gabansa, hannun dama a kai yana danne fata, hagu na aiki. Ku fara da shafa mai da jera fatu, huda ta biyo baya. Amma ku tambayi kine ko yatsun suna jin taɓawa, don in ba sa ji zai soki kansa bai sani ba. Yaran shagonsa su riƙa kawo aiki yana duba masu, ku ga yadda zai zauna.

Ɗiyar Baduku:
Allah ya saka da alheri. Inna, gaskiyarki, kofin ruwansa sai ya wuni a cike, ban taɓa kawo dalilin ba. Yaya ya tafi wurin kafinta da awon kujera, ni kuma ranar Alhamis zan tafi da basillar wurin kine in nuna mashi.