Mypy yana wucewa a kwamfutata, amma pre-commit ya ƙi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja, don Allah ina neman agaji.

Mun gaji wata tsohuwar manhajar ajiye bayanan ɗalibai da aka gina da Django (tsarin gina manhajojin yanar gizo da yaren Python), wadda hannaye da yawa suka taɓa kafin ta iso gare mu. Sai muka ce bari mu sa abin da zai riƙa duba rubutun yana kamo kurakurai tun kafin a kunna shi. Muka ɗauki kayan dubawa biyu, Ruff da mypy. Ruff bai ba mu wahala ba. Mypy ne ya tsaya mana a maƙogwaro.

Na saka django-stubs, ƙarin da ke sa mypy ya gane Django, na nuna masa django_settings_module (inda saitunan manhajar suke) a cikin mypy.ini. In na kira mypy da hannu, lafiya lau. Amma ta pre-commit, wato abin da ke kunna dubawar da kansa kafin a adana canji a git, sai mypy ya ce bai ga Django ba, tunda pre-commit nasa muhallin yake ginawa daban. Na ƙara django da django-stubs a additional_dependencies, jerin abubuwan da pre-commit zai girka a muhallinsa, sai kukan ya koma kan settings.py, fayil ɗin saitunan manhajar. Ashe loda shi ake yi da gaske, shi kuma yana neman SECRET_KEY (mabuɗin sirrin manhajar) da duk abin da ke jerin INSTALLED_APPS, babu ko ɗaya a muhallin pre-commit.

To, in kwashe requirements.txt, jerin duk abin da manhajar ke buƙata, gaba ɗaya in zuba a additional_dependencies? Raina bai kwanta da hakan ba, don jeri biyu ba sa daɗewa ba su saɓa ba. Ko in koma language: system, kowa ya yi da muhallinsa? Ko kuwa in bar mypy ga GitHub Actions kawai, ya riƙa dubawa a can bayan an tura rubutun?

Wanda ya taɓa warware wannan, yaya ya yi da SECRET_KEY ɗin?