Neman shawara: atisayen wa zan bi kafin tantancewar shiga soja?

Mai tambaya, daga Bolari, Gombe:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekarata 20, na gama sakandare, kuma ina da niyyar neman shiga Rundunar Sojan Ƙasa idan an buɗe ɗaukar kurata na gaba. Tsayina ya wuce mita 1.68 da ake nema ga maza, saboda haka damuwata ba a nan take ba. Malamai ne suka yi mini yawa. Akwai wani Ba'amurke a YouTube da ke cewa ya yi aiki da dakaru na musamman, wanda tsarinsa shi ne gudu kullum da jaka mai nauyi a baya. Akwai mai gidan ɗaga ƙarfe a unguwarmu da ya ce in biya kuɗin wata uku ya gina mini ƙirji. Sannan ga samarin da ke fita sassarfa bayan sallar asuba wajen filin wasa na Pantami. Na bi Ba'amurken kwana goma sha biyu, yanzu ƙwaurina na dama yana ciwo ko matakala na hau. Wanne zan riƙe, kuma yaya ake gane mai koyarwar da ya san abin da yake yi?

Tsohon saje mai ritaya, daga Bauchi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara ajiye jakar nan. Ko da mutumin gaskiya yake faɗa game da aikinsa, abin da yake nuna maka atisayen wanda ya yi shekara da shekaru cikin kaki ne, kai kuwa ko ƙofar bariki ba ka shiga ba. A wurin tantancewa babu mai auna faɗin ƙirjinka. Likita zai duba lafiyarka, a duba takardunka, a sa ku gudu, kuma a gudun nan ne na sha ganin ƙarti masu damatsa kamar turmi suna zubewa, siririn yaro ɗan noma ya wuce su. Idan Allah ya sa ka tsallake, a Daffo, wato makarantar horar da kurata irin ta Zariya, za ka yi kimanin wata shida, inda gudu da fareti da tsayuwar rana za su zama abincinka. Don haka abin da za ka je da shi numfashi ne da ƙafa mai lafiya. Ka bi samarin Pantami, amma ka lura da mai jagorantarsu: idan yana raba sabon shiga da tsofaffin hannu, na kirki ne, idan kuwa tsallen kwaɗo yake sa kowa har a faɗi don a ce yana da zafi, wannan gwale-gwale yake yi muku, ba horo ba.

Likitar gashin ƙashi, daga Gombe:
Baba Saje ya yi gaskiya, sai dai ban yarda ƙanena ya bi kowa gudu a wannan makon ba. Huhu da tsoka suna saurin sabawa da wahala, ƙashi da jijiya kuwa sai a hankali, shi ya sa mutum kan ji yana da sauran ƙarfi alhali ƙashin ƙwaurinsa ya soma gajiya. Ka bi ƙashin da yatsa kana dannawa. Idan ciwon ya bazu a tsawon gefensa kuma yana lafawa da hutu, yawanci ragin gudu da sauya takalmi sun isa. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai iya rufewa, yana ciwo ko kana tafiya ko kana kwance da dare, to ana tsoron ƙashin ya fara tsagewa, kuma wannan na asibiti ne, ba na man zafi ba.

Ni da haka nake auna kowane tsari, na intanet ne ko na unguwa: ya tambaye ka daga ina ka taso? Yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan mako bayan mako? Akwai ranakun hutu a cikinsa? Bidiyo ba ya ganin ɗingishinka. Ka kuma san genotype ɗinka, wato gwajin jini na gadon sikila, domin mai AS, wanda ke ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da yana ciwon ba, yana cikin haɗari fiye da sauran idan wahala mai tsanani ta haɗu da zafi da ƙishirwa, ga shi a Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai maki 40. Idan ka taɓa ganin fitsarinka ya koma kamar baƙin shayi bayan atisaye, tsoka ce take narkewa, kuma tana iya lalata ƙoda. Ranar nan za ka je asibiti. Duk wanda ya miƙo maka tiramadol da sunan ƙarin juriya kuwa, ka rabu da shi da tsarinsa gaba ɗaya.

Malamin motsa jiki a makarantar sakandare:
Kada dai a yi wa intanet kuɗin goro. Sojan Amurka suna da littafin horo mai lamba FM 7-22 da ake saukewa kyauta, kuma ya fi bidiyon mutum ɗaya amfani, domin hukuma ce ta rubuta shi don dubban sojoji, har da bayanin ɗumama jiki da hutu da barci. Sai dai ma'auninsa na jarrabawarsu ne. Abin da za a nema a wurinka yana cikin sanarwar rundunarmu, can za ka duba. Idan ƙafar ta warke, ka yi gwajin da Dokta Kenneth Cooper na sojan saman Amurka ya fitar a 1968: ka yi gudu na minti 12, ka rubuta nisan da ka ci. Zagayen fili ɗaya mita 400 ne, lissafin ba wuya. Ka maimaita bayan kowane mako huɗu. Idan nisan yana ƙaruwa kuma babu ciwo, malaminka ya iya aikinsa, ko wane ne shi.

Wani ɗan'uwa, daga Jekadafari:
Ɗaga ƙarfe ma ba laifi ba ne, musamman na ƙafa da baya, sau biyu a mako. Amma kada ka biya wata uku a dunƙule tun ba ka ga yadda yake koyarwa ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Saje, na sauke jakar. Anti likita, na danna ƙwaurin kamar yadda kika ce, kuma wuri ɗaya ne, kaɗan sama da idon sawu, jiya ma ya hana ni barci. Gobe da safe Yayana zai kai ni asibiti a babur, zan kuma nemi a duba genotype ɗina tunda na je.