Kai yaro gidan kaka da fita gari da shi: me ake shiryawa?

Uwar yara, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hutu ya zo, da yawa za su kai ƙanana gidan kaka su wuni ko su kwana, wasu kuma a fita da su gari. Don Allah kowa ta faɗi abin da ta sani, musamman kan 'yan shekara 1 zuwa 4.

Malamar jinya, Kawo: Wa alaikumus salam. Kafin a haɗa jaka, a fara duba gidan. Gidan da aka daɗe ba a yi goyo ba komai a ƙasa yake: maganin hawan jini a bakin gado, kalanzir cikin gorar lemo, bokiti cike da ruwa a tsakar gida. Yaro mai tatata kansa ke rinjayarsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba za a ji kukansa ba. A juye ruwan, a rufe rijiya, magunguna su hau saman kabad. In ya sha kalanzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, don aman ne ke kai kalanzir huhu. Asibiti kawai.

Abin baki kuma: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma. Gyaɗa, aya da dabino mai ƙwallo suna maƙale wa ƙanana a maƙogwaro. A cire ƙwallon, gyaɗar a niƙa ta cikin kunu.

Kaka, Unguwar Rimi: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Sai dai ku iyaye ku san yadda ake faɗa. Tsohuwar da ta raini 'ya'ya da jikoki ba ta son a karanta mata doka. In surukarki ce, ki bar ɗanta ya gaya mata, ko ki ce “Inna, ga abin da suka ce a asibiti.” Ku rubuta lokacin barcinsa da awon maganinsa a takarda, da manyan baƙi. Kuma in ta ce da shi “angona”, ko ta ce da 'yar “kishiyata”, ta tsokane su, ku bar su. Wasan jika da kaka ne, da shi yaro ke sakewa. Wanda za a kawo yaye, a riƙa kawo shi wuni tun kafin ranar, ya saba da ɗakin da hannun mai riƙonsa. Wanda aka kawo rana ɗaya aka tafi shi ke kwana kuka ya ƙi abinci.

Mai raino, Malali: Gaskiya ne, Hajiya. Jaka kuma: kaya kala 2, famfas, leda ta kayan da suka ɓaci, ruwa dafaffe, da gidan sauro in zai kwana. Kunu a zuba shi da zafinsa a fulas, in ya huce ya jima yana tsami, ga gudawa. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa 4 a waje. A sa ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake dama wa mai gudawa, guda 2. Mai lita 1 a lita 1 ake dama shi, kada a rage ruwa. Da hunturu kada a kwana da gawayi a ɗaki rufe, hayaƙinsa na kisa ba wari.

Uwar tagwaye, Rigasa: Fita kuwa, Gamji, wurin shaƙatawar nan na garin Kaduna, ta fi daɗi da hantsi ko bayan la'asar, musamman a zafin Maris da Afrilu. Wurin bakin kogin Kaduna yake, ga tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, don haka a sa mutum ɗaya takanas ya riƙe yaro. In aka ce kowa na kallo, a nan ake nemansa a rasa. A Keke Napep yaro ya zauna tsakiya a cinya, ba bakin ƙofa ba. A rubuta lambar waya a sa masa a aljihu. In da kaka aka fito, a tafi mata da tabarma, a zaɓi inuwa kusa da mashiga, a koma gida kafin magariba.