Yankari: shin dawo da shi hannun jihar Bauchi ne ya jawo raguwar giwaye?

Ɗan Alkaleri: Jama'a, ni har gobe ina kan bakana. Tun da aka karɓo Yankari daga hannun tarayya a 2006 dajin ya shiga halin ni 'yasu. A shekarar an ƙirga giwaye sama da 300 ta jirgin sama, bayan 'yan shekaru sai ga shi ana maganar 100 zuwa 150. Ina sauran suka tafi?

Kawu: Ɗana, daga tsakiya ka ɗauko zancen. Gwamnatin Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a Disamba 1962. Sai a 1991 tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, shekara 15 kacal ta riƙe. Giwayen da kake alfahari da su, wa ya tsare su shekara 35 kafin Abuja ta sa hannu?

Malamar kimiyya: Kawu ya yi gaskiya a nan. Kuma Ɗan Alkaleri, a daidai shekarun da kake magana, kashe giwaye don haure ya yi ƙamari a duk faɗin Afirka, har a dazukan da gwamnatocin tarayya ke riƙe da su.

Ɗan Alkaleri: Malama, na ji. Amma ai an kashe kuɗi wajen gyara Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin. Nawa aka kashe wa masu sintiri?

Tsohon mai gadin daji: Yanzu ka zo wurin. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, babu shinge. Da rani dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji, mafarauci ya san haka sarai. In ba a fita sintiri da ƙafa an kwana a daji ba, aikin banza ne. Mun sha fita da garin kwaki a jaka, takalmi ya huje, alawus ya makale, alhali wanda muke bi yana da bindiga. A hannun tarayya mun ga haka, a hannun jiha ma mun gani. Abin ya fara sauyawa ne da WCS, ƙungiyar kare namun daji ta ƙasa da ƙasa, ta ƙulla yarjejeniya da jihar a 2014, aka riƙa biyan kuɗin sintiri a kan kari. Kisan giwaye ya ja baya sosai.

Manomi daga Duguri: Ku yi haƙuri, duk ba ku ambace mu ba. Garken giwa ya shiga gonar dawa dare ɗaya, da safe sai karan da aka tattake. Wanda aka yi wa haka ba a ko jajanta masa ba, in ya ga mafarauci zai kai rahoto?

Kawu: Wannan ce tambayar da ya kamata mu kai wa gwamnati, ko ta Bauchi ko ta Abuja.

Ɗan Alkaleri: Na yarda da batun manoma. Amma Kawu, batun 2006 ban sauka ba tukuna.