Gishiri a sabulun ruwa: wa ya taɓa ƙarawa ya tsinke masa?

Mai sabulu, Ɗorayi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina haɗa sabulun ruwa, amma jiya bokiti guda ya lalace min. Na narka Texapon, sinadarin kumfar da muke haɗa sabulu da shi, ina zuba ruwan gishiri ina juyawa, ya yi kauri kamar zuma. Na ce bari in ɗan ƙara. Kafin in gama juyawa ya tsinke kamar koko ya kwana, ya kuma dishe. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don kuɗin oda ne.

Maman yara, Gwammaja

Sannu Anti, Allah ya mayar da alheri. Ni ma ya taɓa samuna, na yi ta ƙara gishiri wai ya dawo, ashe ƙara lalata shi nake. Kada ki zubar. Haɗa sabo wanda babu gishiri ko kaɗan, ki riƙa gauraya su a hankali.

Mai wankin mota, Sharaɗa

Hajiya, ki duba ruwan ma. Awo ɗaya nake yi, amma da na koma ruwan rijiyar bayan garejinmu sai kumfa ta ragu, sabulun ya yi hazo. Kuma wanda na sa wa salfonik, wani sinadarin kumfar daban, ba ya ɗaukar gishiri kamar na Texapon zalla, musamman da hunturu.

Ɗalibar kimiyyar sinadarai, Jami'ar Bayero

Anti, abin da kika gani mun gan shi a ɗakin gwaji. Kowace ƙwayar sinadarin kumfa tana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa. A saman ruwa sukan jeru, kai a ciki, jela a sama, shi ke rage ƙarfin fatar ruwa, wato yadda saman ruwa ke riƙe kansa, daga kusan 72 a ma'auninmu zuwa talatin da wani abu. Sai dai kawunan cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna. Gishiri na shiga tsakani ya sassauta turewar, su matsu a saman ruwa, a cikin ruwa kuma, inda sukan taru dunƙule-dunƙule, dunƙulen ya miƙe ya zama zare-zare kamar taliya, ya harɗe. Kaurin ke nan. In gishiri ya wuce kima zaren ya yi rassa, ya daina riƙe juna, sabulu ya tsinke. Kalsiyam na ruwan rijiya caji biyu gare shi, shi ya sa kaɗan ɗinsa ya isa ya dama wa Malam mai wankin mota lissafi.

Sinadarin kumfar da ya fi burge ni shi ne mai kai biyu, da aka raɗa wa suna jemini, wato tagwaye, a 1991: kai biyu, jela biyu, an ɗaure su da ɗan gajeren mahaɗi. Mai kai ɗaya da kabon 12 a jela sai ya kai kusan milimola 15 (ma'aunin yawan sinadari a ruwa ne) kafin ya fara dunƙulewa, tagwayensa kuwa bai kai milimola 1 ba. Da yake kawunan a ɗaure suke kusa da juna, mai gajeren mahaɗi yakan yi zare ko babu gishiri. Ranar farko na zuba masa awon da na saba, kwalbar ta yi yauƙi nan take, sai da na sake haɗawa. Har irin gishirin yana da tasiri, don mai buromayid ya fi mai kulorayid manne wa kan.

Mai sabulu, Ɗorayi

Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Na jera kofi biyar na sabon haɗi, ina ƙara ruwan gishiri cokali-cokali. Na uku ya fi kauri, na biyar ya tsinke irin na jiya sak. Bokitin ma na bi shawarar Maman yara, ya fara kama jikinsa, sai dai har yanzu da ɗan hazo. In bar shi ya kwana, ko in ƙara sabon?