Muhawara: Malamin foreks ya ce tara cikin goma yake ci, a biya shi ko a bincike shi?

Mai gyaran waya, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so a yi mini adalci a wata magana. Akwai wani malami da ya buɗe aji a nan Garwa yana koyar da foreks, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe ta waya, sefa dubu 75 na wata biyu. Ya ce cikin sigina goma da yake bayarwa, wato saƙon da ke ce maka saya ko sayar yanzu, tara suna ci, kuma duk wanda ya bi dabararsa zai iya samun kashi 20 cikin ɗari na jarinsa kowane wata. Wanda ya faɗi kuwa, in ji shi, haɗama ce ta kayar da shi. Na zauna a darasinsa na kyauta, na ga hotunan ribarsa a wayarsa da idona. Da na ce zan biya, sai yayana ya ce duk masu koyar da wannan abu 'yan damfara ne. Ni ban yarda ba. Ko gyaran waya sai da na biya aka koya mini. Don me in an zo kan foreks za a ce malami ɓarawo ne?

Alhaji ɗan canji, Kusseri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994 nake kan teburin canji. A dare ɗaya faran ɗin Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100, kuma ban ga wanda ya kwana da sanin ranar ba a cikinmu. A watan Yuni na 2023 da Najeriya ta saki naira kasuwa ta yanka mata farashi, manyan 'yan canji da suka fi ni wayo sun ƙone da naira a hannu. Mu da muke zaune bakin iyaka, muna jin labarin Gambaru da Banki da Mubi kafin rana ta take, ba ma iya cewa ga inda farashi zai kwana. Abincinmu yana cikin 'yar tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa, ba a cikin canki-canka ba. Wanda ya ce maka yana cankar tara cikin goma, ka tambaye shi me ya zaunar da shi yana jiran dubu 75 ɗinka.

Mai gyaran waya, Garwa:
Baba Alhaji, ku yi haƙuri, naku canji na hannu ne. Wannan da jadawalin farashi ake yi, akwai ilimin karanta shi. Kuma ya ce don taimakon matasa yake koyarwa.

Malamin lissafi, Marwa:
Ƙanena, bari mu ajiye niyyarsa a gefe, Allah ne ya san zuciya. Mu ɗauki lambar da ya bayar. Kashi 20 duk wata, in ba ka cire komai ba, sefa dubu 100 za ta zama kusan dubu 890 a shekara ɗaya. A shekara biyar ta haura biliyan biyar da rabi. Ka ɗauki wayarka ka ninka 1.2 sau sittin ka gani. Warren Buffett na Amurka, wanda duniya ta yarda gwani ne wajen zuba jari, abin da kamfaninsa ya riƙa samu a tsawon shekaru ya tsaya ne wajen kashi 20 a SHEKARA. To malaminka yana yi maka alkawarin a wata ɗaya abin da wancan yake samu a wata goma sha biyu. Ko dai bai san lissafi ba, ko ya san ku ba za ku yi ba.

Mai sayar da kayan babur, Garwa:
Malam, irin wannan magana ce take kashe wa matasa gwiwa. Ni ina cikin ajin mutumin nan. Na sa dubu 60, cikin makonni na cire dubu 25 riba ta shigo mini Orange Money, na sayi buhun masara. Wannan ba labari aka ba ni ba. Kuna zaune da albashinku kuna cewa kada a yi kaza, to wane aiki kuka samar mana? Yaro ya gama lise, ya gama jami'ar Marwa ko ta Ngaundere, ya dawo yana jan babur a rana. In ya ga hanya sai a ce damfara ce. Kasuwar nan fa gaskiya ce, bankunan duniya a cikinta suke.

Malamin lissafi, Marwa:
Gaskiyarka a kan rashin aiki, kuma yana cin raina, ɗalibaina ne suke jan baburan. Kasuwar ma gaskiya ce: ƙididdigar BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe, ta 2022 ta nuna ana juya dalar Amurka tiriliyan 7.5 a cikinta kowace rana. Amma girman kasuwa bai tabbatar da maganar malaminku ba. Dubu 25 ɗinka ma ba ta tabbatar ba. Hukumar kula da kasuwar kuɗi ta Faransa, AMF, ta fitar da bincike a 2014 a kan ƙananan 'yan kasuwa kusan dubu 15 na tsawon shekara huɗu. Kashi 89 cikin ɗari asara suka yi, kuma waɗanda suka fi naci da yawan shiga su suka fi faɗuwa. Da yawa daga cikinsu ai sun ga riba a wani mako. Ka dawo mana bayan shekara da lissafin duk abin da ka sa da duk abin da ka cire.

Ɗalibi, Njamena:
Ni ina yin foreks, kuma na taɓa biyan malami, don haka ban yarda da yayan mai tambaya ba cewa duka ɓarayi ne. Wanda ya koya mini bai taɓa ba ni sigina ba. Abin da ya dage a kai shi ne kada in sa fiye da kashi ɗaya ko biyu na jarina a ciniki ɗaya, in kafa iyakar asara kafin in shiga, in rubuta kowane ciniki a littafi. Ranar farko ya faɗa mana yawancinmu ba za mu ci ba. Wannan ilimi ne, ya cancanci kuɗinsa.

Sai dai maganar tara cikin goma ina so a fahimce ta, don a nan ake kama mutane. Tana iya zama gaskiya kuma ka talauce. In kana tsayawa da zarar ka ci sefa dubu ɗaya, amma kana barin asara ta yi ta tafiya har dubu 15 kana jiran farashi ya juyo, za ka ci sau tara ka sami dubu tara, ka faɗi sau ɗaya ka rasa dubu 15. Ka ci tara cikin goma, aljihunka ya ragu da dubu shida. Malami ya nuna maka taran, bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Ga kuma rukunin Telegram: sigina da ta faɗi ana iya goge ta ko a gyara ta, sabon shiga ba zai ga komai ba sai kore, alamar riba. Hoton riba kuwa, asusun gwaji a MetaTrader, manhajar da ake cinikin da ita, kamanninsa ɗaya da na gaske, da kuɗin wasa kowa zai iya nuna miliyoyi.

Mai sayar da kayan babur, Garwa:
To ai kai ma kana yi. Me ya sa naka malamin na kirki ne namu na banza?

Ɗalibi, Njamena:
Yaya, ban ce na banza ba ne, ban san shi ba. Cewa na yi nawa bai yi mini alkawarin ko sisi ba, naku ya yanka lamba. Wanda ya yanka lamba shi ya ɗora wa kansa kawo hujja.

Ma'aikaciyar banki, Ngaundere:
Akwai tambayar da ba a yi ba tukuna. Ƙanena na Garwa, malamin ya ce dole ku buɗe asusu a wani kamfanin dillanci ta mahaɗin da shi ya ba ku?

Mai gyaran waya, Garwa:
Eh Yaya, ya ce wanda bai bi ta mahaɗinsa ba ba zai shiga rukunin sigina ba. Ya ce don ya riƙa lura da mu ne.

Ma'aikaciyar banki, Ngaundere:
To ka ji inda abincin yake. Kamfanonin nan suna biyan la'ada ga wanda ya kawo musu mutum, ko dai kuɗi dunƙule in mutumin ya zuba jari, ko wani kaso a kan kowane ciniki da ya yi, ya ci ko ya faɗi. Wani tsarin ma ana raba masa daga kuɗin da kamfanin ya samu a kanku, kuma kamfanoni da yawa su da kansu ne suke tsaye a ɗaya ɓangaren cinikinka, asararka ribarsu ce. Karɓar la'ada ba laifi ba ne in an faɗa. Ɓoye ta da sunan "lura da ku" shi ne abin dubawa, don mai cin la'ada a kan yawan ciniki amfaninsa ku yi ta shiga, ku kuma amfaninku ku rage shiga.

Sannan ka duba inda kamfanin ya yi rajista. A Turai tun 2018 hukumar kula da kasuwar kuɗi ta ESMA ta taƙaita ninkin jari, wato bashin da dillali ke ba ka don ka yi ciniki da ninkin kuɗinka, zuwa 30 ga ƙananan 'yan kasuwa a manyan kuɗaɗen duniya irin su yuro da dala, ta kuma tilasta wa kamfanoni su rubuta kason abokan cinikinsu da ke asara, bayan an gano yana kaiwa tsakanin 74 da 89 cikin ɗari. Waɗanda suke zuwa mana nan galibi ta rassan da ke wasu tsibirai suke zuwa, su ba ka ninki 500 ko fiye. A ninki 500, in ka yi amfani da ninkin gaba ɗaya, motsin kashi 0.2 cikin ɗari ya isa ya share asusunka, kuma yuro da dala suna yin fiye da haka a yini ɗaya ba tare da wani labari ba. In kuɗinka ya maƙale wa za ka kai wa kuka? Hukumar da ke kula da kasuwar kuɗi a ƙasashenmu shida na CEMAC ita ce COSUMAF da ke Librebil, kuma hannunta ba ya kaiwa can.

Hajiya uwar adashi, Marwa:
'Ya'yana, ni ban san ninki ba ban san sigina ba. Abin da na sani, mata biyu a adashina sun ɗauki kwasarsu sun ba 'ya'yansu saboda irin wannan aji, yanzu zubi ya gagare su, ni ake kallo. Ba mu manta da MIDA a Yawunde a 2018 ba, ba mu manta da MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Najeriya a ƙarshen 2016 ba. Duk da wanda ya fara ci ake jawo na baya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cewa wai wanda ya faɗi haɗamarsa ce. Yaron da ya rasa kuɗin uwarsa ba ya iya cin tuwo, an kuma ce masa shi ne mai laifi, ya ƙara kuɗi ya shiga babban aji. In an ci malam ne, in an faɗi yaro ne. Wane irin malami ne wannan?

Ɗalibi, Njamena:
Inna, a MMM da MIDA kuɗi aka riƙa miƙa wa wasu a jira riba, wannan kai kake ciniki da hannunka, akwai bambanci. Amma ranar da malami ya ce "kawo in juya maka", to an koma gidansu.

Malamin makarantar dare, Garwa:
Akwai ɓangaren da kuka tsallake. Canjin kuɗi halal ne da sharaɗin hannu da hannu, kamar yadda ya zo a hadisin zinariya da azurfa, shi ne abin da Alhaji yake yi. Wannan kuwa akwai bashin da dillali ke ba ka da sharaɗin ka yi ciniki ta wurinsa, ga kuɗin kwana da ake caja in ciniki ya kai gobe. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 2006 ta ce irin wannan ciniki da bashin dillali bai halatta ba. Malamin naku ya taɓo wannan a darasi?

Mai sayar da kayan babur, Garwa:
Allah gafarta Malam, ya ce mu zaɓi asusun Musulunci, babu kuɗin kwana a cikinsa.

Malamin makarantar dare, Garwa:
An cire guda, saura bashin da sharaɗinsa, saura batun karɓa a hannu. Akwai malaman da suka sassauta a wasu surori, amma a je a tambayi wanda ya san fiƙihun ciniki, ba wanda zai sami la'ada in ka buɗe asusu ba.

Alhaji ɗan canji, Kusseri:
Wannan iyakar asara da ɗana na Njamena ya ambata, tana riƙewa kullum?

Ɗalibi, Njamena:
A'a Baba. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa daga farashin 1.20 da ya ɗaure shi da yuro, kuɗin ya tashi fiye da kashi 20 cikin mintuna. Iyakar asara ba ta sami mai saye ba, wasu suka wayi gari ana bin su bashi, kamfanin Alpari na Ingila ya durƙushe. Malamin da ya ce maka akwai dabarar da ba ta faɗuwa bai ba ka labarin wannan rana ba.

Mai gyaran waya, Garwa:
Na ji duka, amma har yanzu ban yarda a kira mutum ɓarawo ba tare da shaida ba. Me zan tambaye shi wanda ba zai zama cin fuska ba?

Ɗalibi, Njamena:
Ka ce ya ba ka kalmar sirri ta kallo, wadda ake ce wa ta mai zuba jari. MetaTrader tana da ita, da ita za ka ga asusunsa amma ba za ka iya taɓa komai ba, don haka ba shi da abin tsoro. In ka shiga ka duba sunan saba (server) da asusun yake kai, ta gwaji ce ko ta gaske. Ka buɗe tarihi na shekara guda aƙalla, ba na wata ɗaya ba. Ka haɗa abin da ya zuba da abin da ya cire, ka nemi wata mafi muni ka ga nawa ya faɗi. Sannan ka tambaye shi kai tsaye ko kamfanin yana biyansa a kanku, kuma nawa.

Mai sayar da kayan babur, Garwa:
Ba zai ba ka ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Wa yake buɗe wa ɗalibi aljihunsa? Ni dai zan ci gaba.

Ma'aikaciyar banki, Ngaundere:
Shi ya fara buɗe aljihun da ya nuna muku hotunan riba. Sauran shafukan ake nema.

Mai gyaran waya, Garwa:
Gobe bayan la'asar akwai darasi, zan tambaye shi a gaban kowa. Dubu 75 ɗin tana wurin yayana har sai na ga tarihin shekarar.