Neman shawara: a yi filasta tukuna ko a fara sa faif ɗin wayarin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina ɗaki uku da falo a Tumfure, nan Gombe. An gama rufi, magini na son fara filasta mako mai zuwa, ni kuma kuɗin waya bai haɗu ba. Ya ce a shafe kawai, daga baya mai wayarin ya fasa inda yake so. In yarda?

Wani mai wayarin daga Bolari: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda. Bangon da aka fasa bayan filasta, ko an toshe, tabon sai ya fito ta cikin fenti, wani lokacin ma ya tsage a wurin. Kuma ba waya kake bukata yanzu ba, faif ne da bokis, su kuwa ba su kai waya tsada ba. A tsaga bulo, a kwantar da faif mai milimita 20, layin da zai ɗauki wayoyi da yawa a sa mai 25. Ya tafi miƙe, sama ko gefe, ban da karkace, don gobe mai kafa ƙusa ya san inda zai kauce wa. Bokis ɗin makunni kamar mita 1.2 daga ƙasa, na soket kamar santimita 45, amma a auna daga inda tayil zai tsaya. A bar bakin bokis ya ɗan fito daidai kaurin filasta, a cusa masa takardar buhun siminti, in ba haka ba kwaɓin ya cika shi ya bushe.

Hajiya daga Pantami: Ɗana, ka kai uwargida ta zaga kafin a tsaga komai. Ita ta san inda firiji zai zauna da inda za ta yi guga. Maza sai ku sa soket ɗaya a kicin, bayan ƙofa.

Wani daga Bauchi: Ko kuɗin na hannu ma, kada a ja waya sai an sa ƙofofi da tagogi. Ɓarayin kango waya suke nema. Ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ta hannu kafin a shafe.

Mai wayarin ya ƙara da cewa: Idan lokacin waya ya zo, mai kaurin 1.5 ta fitila da fanka, 2.5 ta soket, AC da hita kowanne da nasa layin mai 4. Ka kankare bakin wayar a shago, in cikinta ya yi fari, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Sannan tun yanzu ka ware faif na layin sola da janareto, kada ka dogara da wutar kamfanin lantarki na JED kaɗai.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na ce wa magini ya dakata. Malam na Bolari, bokis na ƙarfe zan saya ko na roba?